Babi na Huɗu: Gyaran Kicin a Tsohon Gida da Hannun Mai Gida

A ɗakunan gida duka babu mai saurin tsufa kamar kicin. Nan ake hura wuta safe da rana da dare, nan ruwa yake zuba, nan hayaƙi da maiƙo suke kwana a jikin bango, nan kuma ɓera da kyankyaso da gara suke samun abin da ya kawo su. Falon da aka gina shekara hamsin da suka wuce yana iya farfaɗowa da bokitin fenti biyu. Kicin ɗin da aka gina tare da shi kuwa, baƙin bango da fasasshen daɓen da ido yake gani su ne ƙaramin ciwonsa. Babban ciwon a ɓoye yake: bututun da ya yi tsatsa a cikin bango, wayar da robarta ta bushe, danshin da yake hawowa daga ƙasa, da katakon rufin da gara ta cinye cikinsa ta bar fatar. Don haka gyaran da zai ɗore daga abin da ba a gani yake farawa, tayil da fenti su zo a ƙarshe.

Tsofaffin gidajen da aka fi cin karo da su a Arewa iri biyu ne. Akwai na bulo da siminti da aka gina daga shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1980, irin kwatas ɗin ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa a Kaduna da Zariya da Kano da Jos, da rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi na zamanin Shugaba Shehu Shagari. Kicin ɗinsu yawanci ƙarami ne, an auna shi da risho ɗaya da famfo ɗaya da soket ɗaya ko biyu. Sai kuma gidajen ƙasa na cikin birni, a Kano da Katsina da Zariya, inda madafi yake a gefen tsakar gida, da ginin tubali da rufin azara ko na kwano. Kowanne da irin lalurarsa, kuma maganin da ya dace da ɗaya yana iya kashe ɗayan.

Kafin a ɗauki guduma

Aikin farko kallo ne. Wanda ya sayi tsohon gida ko ya gaje shi, in da hali, ya bari damina ɗaya ta wuce a kan idonsa kafin ya taɓa komai. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, gida yake faɗin gaskiyarsa: inda rufi yake yoyo, bangon da yake jiƙewa, da inda ruwan tsakar gida yake kwanciya. A bi waɗannan wurare da alli a yi musu alama, domin da zarar rani ya shigo za su bushe su ɓace. A ƙwanƙwasa filastar bango da ƙotar guduma; inda ta yi ƙarar wofi kamar ganga, ta rabu da bulo ke nan. A soka tsinin wuƙa a katakon taga da na ƙofa da na rufi. Katako mai lafiya ba ya karɓar wuƙa.

Idan gidan na gado ne da ba a raba ba, ko na haya ne, ko kuma bangon kicin ɗin shi ne katangar da ta raba gidan da na maƙwabci, a yi magana da masu haƙƙi tun kafin a sayo buhun siminti ko ɗaya. Rigimar da take tasowa bayan an kashe kuɗi ta fi tsagewar bango wuyar ɗinkewa.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne daga ɗaukewar ruwa a watan Oktoba zuwa kafin zafin bazara. A nemi wata kusurwa a tsakar gida a kafa rumfa a mayar da girki can, domin aikin da mutum yake yi shi kaɗai da yamma da ranakun hutu yakan ci wata ɗaya zuwa biyu, kuma ba abin da yake sa a yi aikin gaggawa kamar iyali suna jiran wurin ɗora tukunya. Saboda wannan dalili ma bai kamata a fara ana gab da azumi ba. Wajen kuɗi kuma, bayan an zaga kasuwar kayan gini, irin Ƙofar Ruwa a Kano, an rubuta farashin komai, a ware kamar kashi ɗaya cikin biyar a ajiye gefe. Tsohon bango ba a buɗe shi a rasa wani sabon abu a ciki.

Mai gida mai haƙuri yana iya cire tsofaffin kabad, ya kankare bango, ya yi filasta, ya ja bututun roba, ya shimfiɗa tayil, ya yi fenti. Abu uku ne ya kamata ya bar wa masu sana'a: rushe bangon da yake ɗauke da nauyi, haɗa waya da babban allon wutar gida, da taɓa rufin azara. Kuskure a tayil kuɗi yake ci. Kuskure a waɗannan ukun rai yake ci.

Ƙura iri biyu masu haɗari

Gidajen bulo na wancan zamani da yawa an yi musu silin, wasu har da rufi, da allon siminti mai haɗe da asbestos. Muddin allon yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma in aka fasa shi, ko aka yanka da zarto, ko aka huda shi, yana sakin wasu siraran zaruruwa da ido ba ya gani. Su ne suke shiga huhu su zauna, su haifar da ƙanƙancewar huhu ko kansa bayan shekara ashirin zuwa arba'in. Birtaniya ta haramta asbestos gaba ɗaya a 1999. Silin mai lafiya gara a bar shi a shafe shi da fenti, ko a yi masa sabon silin a ƙarƙashinsa ba tare da an huda shi ba. In kuwa ya rube dole a cire, to a fitar da kowa daga wurin, a jiƙa allon sosai da ruwa, a zare ƙusoshi a sauke shi ɗungurungum, a naɗe a leda mai kauri. Ba a share ƙurarsa da tsintsiya, ba a kuma bai wa yara ɓaraguzansa su yi wasa ko a cike ramin ƙofar gida da su. Takunkumin ƙyalle ba ya tare wannan ƙura, sai irin wanda aka yi don masu aikin ƙura, mai manne wa fuska.

Ta biyu ita ce ƙurar tsohon fentin mai da yake jikin ƙofofi da tagogi da rabin bango. Irin wannan fenti a da ana zuba masa dalma. Amurka ta hana amfani da shi a gidaje a 1978, amma a ƙasashe da yawa na Afirka an ci gaba da sayar da shi shekaru masu yawa bayan haka. Mutanen Arewa sun san abin da gubar dalma take yi tun 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Wadda take cikin fenti ma, illarta ga ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro da ɗan da yake ciki ba ta warkewa. Kada a goge tsohon fenti a bushe, kada a ƙona shi da wuta don ya saki. A jiƙa shi, a kankare a hankali a kan shimfiɗar leda, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Mai ciki da yara ƙanana su nisanci ɗakin har a gama.

Bango da danshi

Yawancin masu gyara suna fara tunani ne da faɗaɗa wuri, musamman rushe bangon da ya raba kicin da sito. Bulo mai inci tara shi aka fi ɗora wa nauyi, mai inci shida kuma a raba ɗaki da shi, amma kauri kaɗai ba hujja ba ne, don akwai maginan da suka ɗora rufi a kan inci shida. Sai an leƙa cikin silin an ga ko katakon rufi yana zaune a kan bangon. In akwai dekin ko bene a sama, to maganar ta wuce mai gida, ta injiniya ce. Ko sabuwar taga za a fasa, sai an zuba mata linta ta kankare da rodi, wadda ta shiga bango aƙalla santimita 15 zuwa 20 ta kowane gefe.

Danshin da yake hawowa daga ƙasa yana da alama: filasta tana ɓarɓashi a gindin bango, wani farin gishiri kamar kanwa yana fitowa, kuma da wuya tabon ya wuce tsawon mita ɗaya. Abin da mutane suka saba yi shi ne su lulluɓe wurin da tayil. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Ruwan da aka toshe wa hanya ba ya komawa ƙasa, sama yake ƙara yi, bayan damina biyu tabon ya ɓullo a saman tayil ɗin ko a ɗakin da yake bayan bangon. Sai an nemo inda ruwan yake fitowa. A tsofaffin unguwanni sau da yawa cikon titi da na lungu ne ya taru shekara da shekaru har ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu. Wani lokaci kwata ce ta fashe a gindin bango, ko ruwan rufi ne yake zuba daidai wurin. A gyara wannan tukuna, sannan a fasa filastar har kamar santimita 30 sama da tabon, a bar bangon ya sha iska makonni, a sake masa filasta da ma'auni ɗaya na siminti da huɗu ko biyar na yashi mai tsabta. A hunturu iska tana shanye ruwan siminti kafin ya kama, don haka a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana bakwai.

Ginin ƙasa kuwa lamarinsa daban ne, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Bangon tubali yana shan danshi da damina ya fitar da shi da rani, a haka ya rayu shekara ɗari ko fiye. Magina na da suna kare shi da yaɓen ƙasa mai haɗe da ciyawa, da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso mai katsin marina. Waɗannan duka suna hana ruwan sama shiga amma ba sa hana bango numfashi. Filastar siminti ba haka take ba. Ba ta kama ƙasa da kyau, ba ta kuma motsawa tare da ita, sai ta tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ciki ta yi laushi alhali fuskar waje tana nan sumul, har ranar da bangon zai zube cikin dare a tsakiyar damina. Wanda yake son tayil a madafin ƙasa, abin da ya fi masa shi ne ya tayar da siririn bangon bulo mai gindinsa na kansa, iya ƙirji, a gefen murhu da wurin wanke-wanke, ya bar 'yar tazara tsakaninsa da bangon ƙasar, ya manna tayil ɗinsa a nan. Ba a binne bututun ruwa a cikin ginin ƙasa, ba a kuma rataya masa kabad. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba, kuma baƙin da hayaƙi ya sa mata ba lalacewa ba ne. Inda ake dubawa shi ne bakinta da ya shiga cikin bango, musamman kusa da indararo. In wurin ya yi laushi, a kira magini na gargajiya, har yanzu akwai su a kowane tsohon birni.

Ruwa da wutar lantarki

Tsohon bututun ƙarfe daga ciki yake ruɓewa. Alamarsa jan ruwa da safe da raunin zuba ko da tanki a cike yake. Gwaji mai sauƙi shi ne a rufe duk famfunan gida da dare, a yi alama a tanki, a duba da asuba. In ruwa ya ragu, akwai inda yake zurarewa. Bututun da ya kai shekara arba'in ba a yi masa faci, sauya shi ake yi da na roba, ko irin wanda ake haɗawa da gam ko irin wanda ake narka bakinsa da ƙaramin injin zafi. A sa makulli a inda ruwa yake shigowa kicin, yadda za a iya gyaran famfo ba tare da an kashe ruwan gida duka ba. Sannan kada a rufe bututu da siminti sai an sakar masa ruwa ya kwana ya yini, an bi kowace mahaɗa da busasshen tsumma.

Hanyar fitar ruwa ta fi ta shigarsa ba da wahala. Bututun ya kai inci ɗaya da rabi zuwa biyu, da gangare kamar santimita 2 a kowace mita. A ƙarƙashin wurin wanke-wanke a sa lanƙwasasshen bututun nan da yake riƙe ɗan ruwa a cikinsa, shi ne yake hana wari da kyankyaso hawowa. Girkinmu akwai manja da man gyaɗa da kitse, kuma su ne suke daskarewa su toshe hanya, don haka ƙaramin rami mai murfi a waje, inda maiƙo zai taru a kwashe, yana rage wahala ƙwarai. Ruwan ya tafi sokawe mai nisan aƙalla mita 15 daga rijiya, in da fili ma a ninka. Sakin ruwan wanke-wanke a lungu shiga haƙƙin maƙwabta ne, kuma shi ne yake dawowa ya ci gindin bangon wanda ya sake shi.

Wayar da aka ja a 1970 ba ta san firji da firiza da injin markaɗe da butar lantarki ba. Soket mai ƙafa uku na amfiya 13 a kan wuta mai bolt 230 iyakarsa kamar wat 3,000 ne. Butar lantarki ɗaya tana jan wat 2,000 ko fiye, in aka haɗa ta da murhun lantarki a reshe ɗaya an wuce iyaka, wayar ta yi zafi a cikin bango inda ba mai gani. Abin da ya ƙara tsananta haɗarin shi ne al'adar ɗaura wayar ƙarfe mai kauri a tsohon fis don ya daina tsinkewa, alhali tsinkewar ita ce amfaninsa. Kicin yana buƙatar layinsa na kansa da waya mai kauri milimita murabba'i 2.5 don soket, 1.5 don fitila, 6 don babban murhun lantarki, da wayar ƙasa mai aiki, da na'urar nan mai yanke wuta nan take in ta bi jikin mutum, mai awon miliamfiya 30. Tsohuwar waya ja da baƙa da kore ce, sabuwa kuma ruwan ƙasa da shuɗiya da kore mai ratsin rawaya. A tsohon gida ana iya samun duka biyun a akwati ɗaya, kuma ba tabbas wanda ya gabata ya bi ƙa'idar launi.

Mai gida yana iya rage kuɗin mai wayarin ta hanyar sassaƙe hanyar waya da kansa ya kwantar da bututunta. Hanyar ta tafi a miƙe, ko tsaye ko kwance daga soket, kada ta ratsa bango a karkace, domin wanda zai buga ƙusa gobe ya iya hasashen inda take. Soket ya ɗara kanta da kamar santimita 15, ya kuma nisanci famfo da murhu. Kafin a rufe da filasta a ɗauki hoton kowane bango da waya, a ajiye. Abu ɗaya kuma da ba a wasa da shi: an ɗauke wuta ba daidai yake da an kashe wuta ba. Ana iya dawo da ita hannu yana kan waya, kuma gidan da yake da janareta ko sola wutarsa tana da ƙofa fiye da ɗaya. A kashe daga babban allo, a kashe sauran hanyoyin, a gwada kafin a taɓa.

Hayaƙi da gas

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da yaran da suke goye ko suke zaune kusa da murhu su suka fi shaƙarsa. In kuɗin gyara bai isa komai ba, to ya isa wannan. Kicin yana son iska ta shiga ta wani gefe ta fita ta wani, da wata kafa a can sama kusa da rufi inda zafi da hayaƙi suke taruwa. Fankar jan hayaƙi tana da amfani, amma aikinta yana tsayawa da ɗaukewar wuta, don haka ba ta maye gurbin taga. Mai girki da itace ya gina murhu mai rufaffen ciki da bututun hayaƙi da ya zarce rufi. Gawayi kuma, ko da ba a ga hayaƙinsa ba, yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda take kisa a rufaffen ɗaki, musamman a hunturu da ake toshe ko'ina.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya zurare ƙasa yake kwanciya, tagar sama ba ta fitar da shi. Saboda haka a bar masa kafa a gindin bango mai raga, kada kuma a kulle tukunyarsa a cikin kabad. Tun da an riga an buɗe bango, wannan ne lokacin da za a gina wa tukunyar ɗan keji a waje, a inuwa, mai shan iska, tana tsaye, a ratso da bututun ta cikin wani bututu mai faɗi don kada bulo ya goge shi. Ana gwada mahaɗa da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne yoyon. In aka ji warin gas, ba a kunna fitila ba a kashe ta, a rufe tukunya a buɗe ƙofa da taga.

Tsari ya bi irin girkin gidan

Kicin ɗin da ake gani a hotuna, mai doguwar kanta da kabad a jere, yana da tarihi. Wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ita ta tsara shi a 1926 don gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus, ɗaki mai faɗin mita 1.9 da tsawon 3.4. A shekarun 1940 kuma masana a Jami'ar Illinois ta Amurka suka fito da ƙa'idar cewa murhu da wurin wanke-wanke da firji su zama kusurwa uku, jimlar tafiyar da take tsakaninsu ta kasance daga kamar mita 4 zuwa 8. Ƙa'idar tana da amfani har gobe wajen rage zirga-zirga. Amma an yi ta ne don mutum ɗaya mai girki a tsaye da ƙananan tukwane.

Tuwon gidan mutum goma sha biyar ba a tuƙa shi a kan kanta mai tsawon santimita 90. Mai tuƙi tana buƙatar tukunya a ƙasa-ƙasa yadda za ta sa ƙarfin kafaɗa a kan muciya, kuma sauke babbar tukunya mai tafasa daga sama haɗari ne. Kicin ɗin da ya dace da gidan Bahaushe yana son hawa biyu: kanta ta tsaye don yanka da miya da wanke-wanke, da wani dandamali mai tsawon santimita 40 zuwa 50 don babbar tukunya. Turmi yana fasa tayil, a bar masa wurinsa a waje a kan ƙasa. Buhun shinkafa ko na masara yana son katako a ƙarƙashinsa da 'yar tazara daga bango. Duron ruwa ma a ba shi gurbi tun a zane, tun da famfo ba kullum yake kawowa ba. Hanya mafi inganci ta gane duk wannan ita ce a zana tsarin da alli a kan daɓe, uwargida da masu taya ta su shiga su kwatanta girkin yini ɗaya. Ita ce za ta ga cewa ƙofar firji tana tare hanya, ko cewa mutum biyu ba za su gifta juna ba in tazarar ba ta kai mita ɗaya ba. Tsawon kantar ma a jikinta ake aunawa, kamar santimita 10 zuwa 15 ƙasa da gwiwar hannunta, zurfi kuma santimita 60.

Wajen abin da za a yi kantar da shi, inda akwai gara da ruwa, kankare ya fi katako. Ana tayar da ƙafafu na bulo, a yi akwatin katako, a jera siraran rodi, a zuba kankare mai kauri kamar santimita 6 ko 7 da ma'auni ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A bar ramin kwanon wanke-wanke tun a zubi. A riƙa ba shi ruwa mako guda, kada a cire tokara kafin mako biyu. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Allon garin katako da ake matsewa yana da kyau a ido da sauƙin kuɗi, amma ruwa kaɗan yake kumbura shi, bai kamata ya kusanci famfo ba. Ƙofofin alminiyam ko na filawud mai jure ruwa sun fi. Katakon da aka sayo a kasuwa, irin ta 'yan katako da take Na'ibawa a Kano, sau da yawa daga Kudu yake zuwa da sauran ruwa a jikinsa. In ba a jera shi a inuwa ya bushe ba, hunturu zai murɗe ƙofar bayan an kafa ta. Gindin kabad ya tashi daga ƙasa da santimita 10 a kan dandamalin siminti. A saman kanta dutsen giranit ya fi jurewa. Mabul yana da kyau, amma lemon tsami yana cin sa, manja kuma yana bar masa tabo.

Daɓe da fenti

Gidajen kwatas da yawa suna da daɓen tarazo, kuma fasa shi asara ce. In bai tsage ba, gogewa da inji tana dawo da shi, ya kuma fi yawancin tayil ɗin kasuwa ƙarko. Inda dole sai tayil, a zaɓi mai kaushi, domin mai sheƙi in ya haɗu da ruwan sabulu ko ɗigon mai kayar da mutum yake yi. A ƙara kashi goma cikin ɗari a kan awo saboda yanka da fashewa, a saye shi lokaci ɗaya don kada launi ya bambanta, a ajiye ragowar. Ana fara jerawa a bushe a ga inda yankakku za su faɗo, a tura su gefen da kabad zai rufe. Siminti ya cika bayan kowane tayil, ba ɗigo huɗu a kusurwa ba, don wanda cikinsa yake wofi shi ne yake fashewa ranar da tukunya ta faɗo. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakaninsu, a ba daɓen ɗan gangare zuwa mafitar ruwa, kada a taka sai ya kwana ya yini. Mai yanka da inji ya sa tabarau da takunkumi, ya yi a waje.

Fenti ba ya kama maiƙo. Tsohon bangon kicin sai an wanke shi da ruwan zafi da garin sabulu, an ɗauraye, ya bushe, in ba haka ba baƙin zai huda sabon fentin cikin makonni. Sabuwar filasta kuma tana son mako uku zuwa huɗu kafin a shafa mata komai. Kusa da murhu a yi amfani da fentin da yake wankuwa, a nemi wanda aka rubuta ba dalma a cikinsa. Bangon ƙasa farar ƙasa ce ta dace da shi, ana sabunta ta duk shekara ko biyu da kuɗi kaɗan. Launi mai haske yana rage buƙatar fitila da rana, yana kuma nuna yoyo da wuri.

Kafin a dawo da kaya a toshe duk wata kafa da take gefen bututu da siminti, don ɓera yana wucewa ta ramin da yatsa zai shiga. A sa raga a taga da kafofin iska. A cika kwanon wanke-wanke a sake shi gaba ɗaya ana kallon ƙarƙashinsa, a kunna kayan wuta tare na ɗan lokaci a taɓa soket a ji ko ya ɗauki zafi, a sake bin mahaɗar gas da ruwan sabulu. Hotunan bangon da aka ɗauka da ragowar tayil da gwangwanin fenti a adana su wuri ɗaya. Idan damina ta dawo, a koma wuraren nan da aka yi wa alama da alli a bara, a duba su bayan kowane ruwa mai ƙarfi har zuwa ƙarshen Satumba.